Wa Za a Bar wa Kare?

Da an gama ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, sai samari su fara raguwa a Kore Mairuwa. Garin yana bakin kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso ta nufi Dogon Dutsi, don haka mai niyyar ci-rani ba ya shan wahalar mota: wannan Kwatano, wancan Lome, wani ya gangara Najeriya. Wanda ya bar iyali a gida ba shi da matsala. Mai tunani shi ne gwauro, ko maharbin da ke zaune a tungar gona, ko magidancin da zai kwashe kowa da kowa ya ja ƙyaure. Awaki ya san inda zai kai su. Jaki ma akwai masu so, ko don ɗiban ruwa. Sai a zo kan kare.

Akuya ba a neman yardarta. Ka ja ta da igiya ka ɗaure a turken maƙwabci, in akwai harawa shi ke nan. Kare kuwa sai ya yarda, shi ya sa mai hankali yake fara shiri tun da sauran kwanaki.

Abin da ake fara canzawa shi ne hannun da ke ba shi abinci. Mai kare zai ɗauki sakainar da karen ya saba ci a ciki ya kai gidan kawunsa, ya tsaya gefe, ya sa yaron gidan ya zuba ƙanzon tuwo da ruwan tsari. Ranar farko karen ba ya ci. Ya sunsuna, ya ɗago ya dubi ubangidansa, ya sake sunsunawa, wutsiya a ƙasa. Sai an ce masa “ci mana” da muryar da ya sani. Bayan ’yan kwanaki, da ya ji ƙarar sakainar a wancan gida zai tafi da kansa. A nan ne ake kiran yaran gidan ɗaya bayan ɗaya ya shinshina su, a nuna masa kaji da ’yan awaki, a kwatse shi in ya zuba musu ido.

Sannan gyaran jiki. A kwantar da shi a buɗe kunnuwa da tsakanin yatsu a cire kaska, don ba wanda zai gode maka in ka kawo masa kaska cikin garke. A haɗa masa da tsohon buhun da yake kwanciya a kai, tunda hunturu na tafe, wasu har da tsumman rigar maigidan. Na daɗe ina lura da cewa wannan tsumma ya fi igiya riƙe kare a daren farko.

A Faransa da Ingila akwai gidaje na musamman da ake kai karnuka in za a yi tafiya, ana biya kwana-kwana. Abin da suke nema bai yi nisa da namu ba: kawo abincin da ya saba, kawo bargonsa, in da hali ya kwana ɗaya na gwaji. Bambancin shi ne suna tambayar takardar allurar rigakafi kafin su buɗe ƙofa. Wannan kam sun fi mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk mutanen da ciwon haukan kare ke kamawa daga cizon kare suke samunsa, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. Kai kare wajen malamin dabbobi kafin a miƙa shi gidan da ke cike da yara ba iyayi ba ne. Ya kamata mai karɓa ya san cewa in cizo ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a garzaya likita, karen kuma a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10 maimakon a bi shi da sanda.

Ranar tafiya magana ba ta da yawa.

“Kawu, ga shi nan, amana.”

“Allah shi kai ka lahiya. In ya ci kazar mutane fa?”

“Ka biya, in na dawo mu yi lissafi.”

Ba a yanka kuɗi. Akan bar tiya kaɗan ta hatsi ko buhun dusa, sauran kuma tsaraba ce in an dawo. Shi ma kawun ba asara ya yi ba, ya samu mai gadin rumbu da garke har tsawon rani. Malamanmu na Malikiyya ba su hana ajiye kare don farauta ko kiwo ko gona ba, ko da yake tsofaffin mata ba sa barin shi kusa da randa.

Duk da wannan shiri, akwai karen da zai tsinke igiya ya koma ya kwanta a ƙofar gidan da aka rufe, sai dai a riƙa kai masa abinci can. Akwai kuma wanda in maigidan ya dawo da farkon damina zai tarbe shi da tsalle, ya raka shi har gida, da magariba ta yi ya koma inda yaron nan yake kankare tukunya.