Kukan Sabuwar Ƙafar Keke

A shekarun da Alhaji Shehu Shagari yake mulkin Najeriya, daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, motocin baƙi ba sa yankewa a garinmu, amma abin hawan 'yan gari keke ne. Da shi malamin firamare yake zuwa makaranta, da shi manomi yake kai buhun gero kasuwa. Mai hali ya sayi Raleigh, ɗan asalin Ingila da ake harhaɗawa a Kano. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Phoenix na ƙasar Sin, daga baya kuma Hero na Indiya ya shigo. Daga Sakkwato ake sayowa, wani ya ɗaura nasa bisa mota, wani ya hau abinsa ya biyo ta Boɗinga har gida, takardun da aka naɗe ƙarfen da su ba a ko cire ba.

Ko wane iri ne kuwa, sabon keke sai ya yi kuka. Da an hau an taka, sai ka ji tin, tin, tin daga ƙafa. Na kawuna ya yi, hankalinsa ya tashi, don a zatonsa kuɗinsa sun faɗa ruwa. Ni na tura masa keken zuwa gindin dogon yaro a bakin hanyar da ta wuce Tambuwal, inda wani dattijo yake gyara.

"Baba, wanga keke sabo na, amma shina kuka," in ji kawu.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Tsinkaye na ka neman mazauni."

A wurin dattijon nan na fahimci dalili. Lokacin da ake ɗaure ƙafa, ana murɗa ɗan notin da ke bakin kowane tsinke, shi ma tsinken yakan ɗan murɗe tare da shi. Ranar da nauyin mutum ya fara hawa, sai ya warware, wuyansa kuma ya zauna daram a ramin cibiya. Wannan warwarewar ce kunne yake ji, kuma takan daina da kanta. Sai dai tana barin wasu tsinkayen sun saki, daga nan rim ya fara rawa. Shi ya sa a da kowa ya san sabon keke ana komar da shi wurin mai gyara bayan mako ɗaya ko biyu.

Har yau ina ganin hannun tsohon nan. Zai kife keken bisa sirdi, ya juya ƙafar, ya riƙe guntun alli daf da rim. Inda allin ya taɓa, nan ne karkatar take. Sai ya sassauta tsinken ɓangaren da rim ɗin ya karkata, ya ɗaure na ɗaya ɓangaren, rubu'in juyi kawai, ya sake juyawa ya duba. Bai taɓa gaggawa ba. Kafin ma ya ɗauki makulli yakan bi tsinkayen ɗaya bayan ɗaya da farce, kamar mai gyara tsirkiyar gurmi: wanda ya yi zaƙin murya ya ɗauru, wanda ya yi ɓam ya saki. A tsofaffin kekunan Ingila tsinke 32 ne a gaba, 40 a baya inda nauyi yake, kuma kowanne sai ya ji muryarsa.

Abin da ya fi ba shi aiki shi ne ƙafar da ke tsalle sama da ƙasa. Kekunan zamanin birkin sanda gare su, robar birkin daga ciki take jan rim, saboda haka ɗan tudu kaɗan ya isa ya sa birki ya riƙa kamawa yana saki. A gangara da buhu a kariya, wannan haɗari ne. Nan yakan ɗaure tsinkayen ɓangarorin biyu tare, a daidai tudun. Amma sai ya fara duba ɗan layin da ke jikin taya, don sau da yawa rim lafiyarsa ƙalau, tayar ce ba ta zauna ba.

Sauran kukan da tambaya yake gano su. In ka daina taka feda ƙarar tana tsayawa? To ba ƙafa ba ce, a duba sarƙa. In ya girgiza ƙafar gefe da gefe ya ji ƙwas-ƙwas, cibiya ce ta saki. In ya dafa ƙarfe ya ji gurza, ƙurar hunturu ta cinye giris ɗin boris. Da ya gama ɗauri kuma sai ya shafa cikin rim, kan tsinken da ya leƙo ya goge shi, ya shimfiɗa yankin tsohon tub, don kada a yi ta faci ba a san mafari ba.

Babur ya zo, kabu-kabu ya cika hanya, yawancin masu wannan sana'a suka koma gyaran inji ko suka tsufa ba magaji. Tsofaffin rim suka zama gargaren yara. Abin yana yi mini ciwo, domin ilimi ne na gaske, kuma kunne da haƙuri kawai yake ci.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na ga mutane suna karkaɗe kekunansu, wasu suna sayen sababbi. In kana cikinsu, kada kukan kwanakin farko ya tsorata ka, kada kuma ka kama tsinke ɗaya da filaya ka yi ta murɗawa. Ka hau shi mako biyu, sannan ka nemi dattijon da ya iya ɗaurin ƙafa, ka biya shi da kyau. In kana da yaro mai sha'awa, ka tafi da shi ya zauna ya gani.