Daga Birnin Kudu Zuwa Gwaram: Ranar da Firjin Motarmu Ya Yi Shiru

Idan kin taɓa yin tafiyar kwana uku da yara, kin san yadda kaya ke cika mota tun kafin mutane su shiga. A cikin nawa kayan, wanda ya fi tayar mini da hankali ko tafin hannu bai cika ba: kwalaben insulin na babbar 'yata, mai shekara tara, wadda ke fama da ciwon sukari tun tana shekara shida. Maganin nan ba ya son zafi, kuma ba ya son daskarewa. Kwalbar da ba a buɗe ba, wurin zamanta firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Mu kuwa dangin maigidana suna wani ƙauye a ƙasar Gwaram, inda wutar lantarki baƙuwa ce.

Shekara biyu muka yi muna zuwa a tsaitsaye, mu gaisa mu juyo kafin ƙanƙarar kula ta narke. Hajiya, surukata, ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta ce, “Jikokin nan sun fi sanin muryata a waya.” Wannan magana ce ta sa muka sayi wata tsohuwar bas a gwanjo, muka cire kujerun baya, kafinta ya yi mana gado da akwatuna. Muka ɗora farantin sola mai wat 200 a sama, muka sa batir na biyu, ƙaramin firji, fanka, tankin ruwa da tukunyar gas. A Amurka da Turai akwai iyalan da ke yin watanni a cikin irin wannan gida mai taya. Tamu ba ta kai tasu ƙawa ba, 'yan unguwa ma “Asibiti” suke kiranta saboda aikina, amma matsalolinmu iri ɗaya ne: wuta, ruwa da zafi.

Hanyar Birnin Kudu

A hutun makaranta na watan Afrilu muka taso daga Kano bayan sallar asuba. Idan kika haye gadar Wudil, kika wuce Kwanar Huguma inda masu zuwa Dutse ke karkata, ƙasa takan fara canza kama. Duwatsu su riƙa leƙowa daga bayan kuka da ɗorawa, wasu a ɗore kan wasu kamar an jera su da hannu. Da haka za ki shiga Birnin Kudu.

Garin nan ya fi girman yadda matafiyi ke ganinsa ta taga. A nan Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jihar Jigawa, da tsohuwar Kwalejin Gwamnati wadda Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta. Bamaina, garin tsohon gwamna Sule Lamido, na cikin wannan ƙaramar hukuma. Amma abin da na yi wa yara alkawari shi ne zanen duwatsu, wanda masana suka fara rubutu a kansa a shekarun 1950, kuma yanzu hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ke lura da shi. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa, a ƙarƙashin rumfar dutse, za ki ga shanu da aka zana da jan launi, masu dogayen ƙahoni, ba su da tozo irin na shanunmu na yau. A yankin kuma akwai duwatsun da idan aka buga su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙarfe. Auta ya samu abin yi, da ƙyar muka raba shi da wurin.

Mun daɗe fiye da yadda muka yi niyya. Da muka dawo wajen mota, rana ta take, na buɗe ƙofa, abin da na fara lura da shi shiru ne. Uwa ta san shirun da ba na lafiya ba. Firjin nan kullum yana ɗan gurnani, yanzu sai wani ƙas, ya yi kamar zai tashi, ya sake mutuwa, jar fitila na ƙiftawa. Na duba ma'aunin zafin da nake ajiyewa a ciki, irin wanda muke sa wa firjin allurar rigakafi: digiri 13.

Maigida ya ce, “Maman yara, mu nemi mai rewaya.” Ranar Juma'a ce, an kusa shiga masallaci, kowa ya rufe. Na ce masa, “Ka tafi da yaron ku samu salla. Bari in duba majinyacin.”

Mota ma majinyaciya ce

'Yar'uwa, ni ba makanikiya ba ce. Abin da na iya shi ne abin da aka koya mana a ɗakin marasa lafiya: ki tambaya, ki duba, ki taɓa, ki auna, sannan ki yi magani. Kuma ki fara da abu mai sauƙi kafin ki zargi babba. Yaron da ke kuka, ana duba kunzugunsa kafin a ce ciwon ciki ne.

Na fara da rufe firjin, na hana kowa buɗewa, domin sanyin da ya rage jari ne. Na duba fis, lafiyarsa ƙalau. Na ɗauko mitar auna wuta, wadda kuɗinta bai kai na atamfa ɗaya ba, na ɗora a kan batirin gida: 12.6. Irin wannan batir na ruwa, idan ya huta ya nuna 12.6 ko 12.7 a cike yake, idan ya sauko wajen 12.1 ya kai rabi. Ke nan batir ba shi da laifi. Na auna a bakin wayar firji daidai lokacin da yake yunƙurin tashi, sai lamba ta faɗo ƙasa da 11. Wuta na nan a tushe, amma ba ta isa inda ake bukatarta. A jikin mutum, da sai mu ce jijiya ta toshe.

Na bi wayar da hannu har kan batir, sai ga shi: wani farin gari mai shuɗi-shuɗi ya taru a kan ƙarfen, kuma ƙullin ya yi sako-sako saboda jijjigar hanya. Firjin yana da dabarar kashe kansa idan ya ji wuta ta yi ƙasa, don kada ya tsotse batir. Wato ba lalacewa ya yi ba, kare kansa yake yi.

Na cire zobe da awarwaro tukuna. Ki riƙe wannan da kyau, domin ƙarfe idan ya haɗa kawunan batir biyu, ƙuna ce mai tsanani. Na kashe sola, na kwance baƙar waya kafin ja. Wata mai sayar da fura a gefen titi ta ba ni ɗan gutsuren kanwa, na jiƙa a murfin kofi, na wanke kan batir da tsohon buroshin haƙori, ina kiyaye kada ruwan ya shiga cikin batir ɗin kansa. Kanwa na kashe kaifin asid, shi ya sa za ki ga yana kumfa. Na goge ya bushe, na mayar da ja sannan baƙa, na ɗaure da sifana mai lamba 10, na shafa ɗan man shafawa don kada garin ya dawo da wuri. Firji ya yi gurnani ya ɗauka. 'Yata da ke tsaye tana riƙe mini lema ta ce, “Umma, ya farfaɗo?” Na ce ya farfaɗo. Kafin su dawo daga masallaci ma'auni ya sauko 9, kafin la'asar ya koma 5.

Gwaram, da darasi na biyu

Daga Birnin Kudu hanya ta miƙa kudu maso gabas, wajen iyakar Bauchi. Ƙasar Gwaram ta fi tudu da kwari, akwai tsaunuka wajen Fagam da Farin Dutse, ga fadamu, ga kasuwar Sara da 'yan hatsi da dabbobi ke ci daga nesa. Lokacin mangwaro ne, yara sun jera shi a bakin titi a cikin robobi. Muka isa gida dab da magariba, Hajiya ta rungume jikokinta ta ƙi saki.

A nan na yi kuskuren da nake so ki guje masa. Saboda zafi, muka ajiye motar ƙarƙashin wani ƙaton mangwaro a ƙofar gida. Inuwa ta yi wa mutane daɗi, amma farantin sola ya wuni bai ga rana ba, ga ƙurar hanya ta lulluɓe shi. Sannan labari ya zaga cewa motar Kano tana da wuta. Wayoyi suka fara zuwa, ta ƙanin miji, ta matar wa, ta liman, har da fitilun caji. Wa za ki hana? Na ƙirga goma sha ɗaya a jone da inbata. Daren Asabar, wajen ƙarfe biyu, na farka na leƙa: batir 11.9, firji ya sake yin shiru, wannan karon da gaskiyarsa.

Maigida ya ce a tayar da inji ya yi caji. Na ce to, amma sai an tashi yaran da ke barci a ciki an kai su ɗaki. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci. Haka gawayi, haka janareta, haka girki da gas a rufaffiyar mota. Man da ya rage mana kuma na komawa ne, gidan mai na da nisa.

Motsinmu ya tayar da Hajiya. Ta fito da fitila ta ce, “'Yar nan, lafiya?” Na yi mata bayani. Ba ta ce komai ba, ta shiga ta fito da tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ta sa ƙaramar cikin babbar, ta cika tsakaninsu da yashi, ta jiƙa shi da ruwa, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a zaure inda iska ke ratsawa. Ta ce, “A nan nake ajiye tumatir da alayyahu. Sa maganin jikata.”

Na san dabarar a takarda. Wani malami a Dutse, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta jikin tukunya, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikinki. A busasshen yanayi irin na bazara ta fi aiki. Na sa kwalaben a cikin leda na ɗaure don kada ruwa ya taɓa su, na sa ma'auni a gefe. Da asuba ya nuna 23, alhali zauren kansa ya haura 30.

Ki fahimce ni, tukunya ba firji ba ce. Insulin da ya kwana a cikinta na ɗauke shi a matsayin wanda ya fito daga sanyi, na rubuta kwanan wata a jikinsa. Yawancin irinsa ana amfani da shi cikin kwana 28 idan bai wuce digiri 30 ba, amma ki karanta takardar naki, ki kuma tambayi likitanku. Abin da tukunyar ta yi shi ne ta tsare maganin daga zafin da zai lalata shi, har gari ya waye.

Da safe muka fito da motar fili, na sa ƙanin miji ya hau ya wanke farantin da ruwa da tsumma mai laushi. Na kafa doka cikin raha: cajin waya daga ƙarfe goma zuwa uku, lokacin da rana ke biya, da dare kuwa wuta ta mai magani ce. Ba wanda ya ji haushi. Muka cika kwana biyar, mafi tsawon zaman da muka taɓa yi.

Abin da nake yi kafin kowace tafiya

Yanzu ina da ɗan littafi a aljihun ƙofa, kamar katin awon yara. Safe da yamma ina rubuta lambar batir da ta firji. Kafin mu tashi, ina girgiza kowace waya in ji ko ta saki. Ina duba ruwan batir, in ya ragu in ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa dominsa, ba asid ba, ba na rijiya ba. Ina duba baƙin mai, fambel, iskar taya har da safaya, da ruwan lagireto tun inji na da sanyi, domin buɗe shi da zafi ya kawo mana masu ƙuna da yawa asibiti. Tiyon gas ina shafa masa ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Tankin ruwa ina juye shi in wanke bayan kowace tafiya, don ruwan da ya kwana biyu a zafi ba na ba yara ba ne. Ina tafiya da fis na canji masu lamba daidai da na asali, kuma ban yarda a naɗa waya a madadinsa ba, domin fis mai gadi ne, idan ya ƙone akwai dalili.

Ko ba ki da mota irin tamu, wataƙila kina da sola a gida, ko firjin da ke riƙe da maganin wani naki. Ki san lambobinsa tun yana lafiya, ki kuma tanadi abin da zai tsaya miki ranar da waya ta ƙi.

Ranar da za mu taho, Hajiya ta sa aka ɗauko tukwanen nan biyu, ta naɗe su da tsohon zane, ta ce a sa a mota. Na ce, “Hajiya, ke fa?” Ta ce maginiya na nan a bayan gida, za ta yi mata wasu. Yanzu suna ƙarƙashin gado, kusa da batir, kuma babbar Salla in Allah ya kai mu a can za mu yi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kai kowa gida lafiya.