Zaure Biyu a Wuyana

Shekara 19 na yi ina duba taswirar gini a wani ofishin tsara birni a Kano. Fayilolin da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa, amma biyu ne suke hana ni barci.

Na farkon ya same ni ina sabon ɗauka. Wani ɗan kasuwa ne zai gina shaguna hawa biyu a cikin birni, tsakanin kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai. Zanen tsaf yake: an bar wa titi haƙƙinsa, an fitar da magudanar ruwa, injiniya ya buga hatimi. Can a gefen takardar, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa akwai tsohon ginin ƙasa a wurin, za a kawar da shi. Ƙa'ida ita ce in je in gani da idona. To ranar Alhamis ce, rana ta take, motar ofis ba mai. Na sa hannu.

Bayan wata uku hanya ta biyo da ni ta wurin, na tarar leburori suna zare azara suna jibgewa a bakin kwata. Wani dattijo yana zaune a kan buzu yana kallonsu. Da ya ga fayil a hammatata sai ya yafito ni.

"Yaro, ma'aikacin gwamnati ne kai? Zo ka ga wani abu kafin ya tafi."

Ya ja ni cikin abin da ya rage na zauren. Rabin bakan gizo ne a tsaye, ƙasar jikinsa ta zube, ƙashinsa a waje. A nan na fara ganin yadda ake ɗaura baka: azarar giginya, wadda gara ba ta iya mata, an jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce 'yar'uwarta, an ɗaure tamau, har ɓangarorin biyu suka haɗu a sama. Ya ɗauko wani ɓallin rufi ya murje a tafina, ya ce laso ke nan, katsin karofi ne da gashin akuya daga majema da dafara, shi ya sa ruwa bai taɓa ratsa ɗakin ba.

"Kakan mahaifina ya ɗaura wannan. Shi wanda ya sa hannun, ko ya shigo ya ɗaga kai ya duba?"

Na ce, "Wallahi Baba, ban sani ba." Har da rantsuwa.

Kunyar wannan ƙaryar ce ta kai ni ga karatu. Na karanta yadda Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya soma ginin ganuwa, da yadda aka faɗaɗa birnin a zamanin Muhammadu Rumfa, da yadda sojojin Ingila sai da suka sa igwa kafin su shiga a 1903. Na haddace dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Da aka sa ganuwar Kano a jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO a 2007, na yi murna kamar ni aka yi wa sarauta. Sai dai na lura doka ta san ganuwa, ta san Gidan Makama, amma zauren da ke cikin lungu ba ya cikin lissafin kowa. Na ƙudurta ni zan zame masa doka. Duk fayil ɗin da ya ambaci ginin ƙasa sai na nemo masa aibu. Abokan aiki suka laƙaba mini Malam A'a, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Ana haka wata dattijuwa ta zo, mijinta ya rasu ya bar mata gidan gado a gindin Dala. Buƙatarta ba yawa: a cire rufin ƙasa da ke yoyo a sa kwano, a fasa shago biyu a jikin katangar waje, kuɗin haya ya riƙa gyara sauran gidan. Wannan karon na je. Zaure ne mai zankwaye huɗu, da zane a goshin ƙofa, irin wanda in ka shiga da azahar sai ka ji kamar an tsoma ka a randa. Na ce sam, wannan tarihi ne.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ɗana, tarihin ne zai biya mai yaɓe?"

Na ɗauka zafin rai ne. Ashe ta fi ni sanin aikina. Ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, kowace shekara kafin damina yana son yaɓe, a duba indararo, a toshe tsaga. Magina sun yi ƙaranci. Kududdufan da ake haƙar ƙasa an cike da yawansu an yi gini a kai, sai an sayo ƙasar a tifa. Da na zauna da ita, da mun sami hanya: a sa kwanon ya ɓuya a bayan rawanin soro, a fasa shagunan ta gefe a bar fuskar zauren, in kuma gargaɗe ta kada a shafe bangon da siminti, domin danshi yake riƙewa har bango ya ruɓe ta ciki. Duk na san wannan a lokacin. Ban faɗa ba, don ba gidanta nake kallo ba, wancan dattijon nake neman ya yafe mini.

Damina biyu gidan ya ƙara. A ta biyun, cikin watan Agusta, bayan ruwan kwana, rufin zauren ya rufta da asuba. Allah ya tsare, jikokinta suna cikin gida ba wanda ya fito tukuna. Magada suka taru suka sayar, ita kuma aka mayar da ita gidan ɗanta a bayan gari.

Ba a rufa shekara ba fayil ɗin wurin ya dawo teburina da sabon suna. Bene ne hawa uku. A gurbin da ake bayanin abin da ke wurin an rubuta: fili ne, babu gini. Na hau acaɓa na je na duba, da kuɗina. Gaskiya suka rubuta. Na dawo na sa hannu.