Ƙararrawar Ƙofa da Haƙƙin Baƙo

Sanin kowa ne cewa a gidan Bahaushe sallama ita ce mabuɗin shiga. Baƙo kan tsaya a zaure ya ɗaga murya, yaro ya leƙo ya ce ana zuwa. To, amma mu da aiki ya zaunar da mu a gidajen ma'aikatan jami'a, inda babu zaure, sai bene da ƙofar ƙarfe da rugugin janareta, sallama ba ta isa kunnuwanmu. Ƙararrawar lantarki ce ta gaji aikin yaron nan. Ranar da ta mutu kuwa, ɗalibi kan zo da kundinsa, ko ɗan'uwa ya taso daga gida, ya yi ta dannawa har ya gaji, ya juya yana zaton gudunsa muke yi.

Da yawa daga cikinmu kan yi gaggawar ɗora laifi a kan taransifoma, wato ɗan akwatin nan da ke rage ƙarfin wuta. Wutar gidajenmu tana zuwa da ƙarfin bolt 230, alhali ƙararrawa ba ta buƙatar fiye da 8 zuwa 24. A cikin akwatin akwai naɗin waya biyu a jikin ƙarfe guda, ɗaya mai yawan zagaye, ɗaya mai kaɗan, bisa hikimar da Michael Faraday ya gano a 1831. Tun da babu abin da ke motsi a cikinta, ba kasafai takan lalace ba. Saboda haka ita ce ya kamata a tuhuma daga ƙarshe.

Mukan fara bincike ne daga abin dannawa, domin shi ke shan ƙurar hunturu da ruwan damina. Sai dai tilas a tabbata akwai taransifoma a layin, don wasu ƙararrawa kai tsaye suke shan wutar gida, taɓa wayarsu kuwa ganganci ne. In an tabbata, sai a kwance shi a haɗa bakin wayoyinsa biyu. In ƙararrawa ta kaɗa, to shi ne ya yi tsatsa ko ya karye. In shiru, sai a bi waya a ga ko ɓera ya ci ta, ko ƙusa ta yanke ta, sannan a duba ita kanta ƙararrawar. Bayan duk wannan ne za a ɗora mita a bakin taransifoma, ta wajen da ƙaramar wuta ke fita. Idan wuta na shiga amma ba ta fita, ko ana jin ƙauri, to naɗin ya ƙone. Galibi abin dannawa da ya maƙale ne ke jawo haka, ko wutar da ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima.

Wadda ta ƙone sai dai sauyi, da mai lamba daidai da wadda aka rubuta a jikin ƙararrawar. Kafin a taɓa ta dole a kashe wutar gidan baki ɗaya, wanda kuma bai saba ba ya kira mai gyaran wuta.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ya tako har bakin ƙofarmu ya sauke nasa nauyin. Saura namu, mu tabbata in ya danna za mu ji.