Gwangwanin madara ya raba mu da hura gawayi da leda

Jama'a, yau ba maganar waya ko data za mu yi ba, amma dai a waya na samo dabarar.

Babbar Sallar da ta wuce a Bungudu na yi ta, gidan Inna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kananzir ya fi ƙarfinta, sai ta koma hura gawayi da leda. Tana fifita tana tari, idonta ya yi jajur. Da aka gasa hantar ragon layya kuwa, wallahi warin roba kake ji a baki. Babu wanda ya yi magana, amma ni abin ya tsaya min a rai.

Da na dawo Gusau sai na ci karo da wani bidiyo a YouTube. Wani mutumin Amurka ne yake tada gawayi a cikin wani bututun ƙarfe mai mariƙi, da takarda kawai. Na ce ai wannan gwangwani ne.

Na samo babban gwangwanin madarar gari, na cire gindinsa ya zama bututu. Na sa ƙusa da guduma na huda manyan ƙofofi kewaye da ƙasansa. Sama da su kaɗan, kamar faɗin yatsu huɗu daga ƙasa, na zura wayoyin ƙafar keke na gicciya su, suka zama kamar raga. Gawayi a sama, takarda a ƙasa. Kafin a fara aiki da shi sai an ƙona shi a fili, fentin jikinsa ya ƙone tas. Kar a yi da kwanon rufi ko gwangwanin fenti, hayaƙinsu guba ne.

Gwajin farko ban ji daɗi ba. Na cusa takarda da yawa har ta toshe ƙofofin, sai hayaƙi kawai. A nan na gane sirrin abin: iska ce take aikin. Iska mai zafi sama take yi, tana tashi tana jawo sabuwa ta ƙofofin ƙasa, gwangwanin shi yake yi wa kansa fifita. Na rage takardar zuwa falle biyu, na dunƙule ta sako-sako, na ɗiga mata man gyaɗa. Cikin minti 15 zuwa 20 gawayin sama ya fara yin toka, na juye a kurfoti.

Ganganci ɗaya na yi, na ɗauka da tsumma, yatsana ya yi ruwa. Ku yi amfani da filaya, ko mai walda ya sa muku mariƙi da katako. Sannan a kan ƙasa ko bulo ake ɗora shi, a tsakar gida, nesa da yara. Ban da cikin ɗaki ko da sanyi ake yi, domin gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari, kuma tana kisa.

Wani abokina a Tsafe ya gwada da jiƙaƙƙen gawayi, ya kira ni yana mita. Wannan kam sai an shanya.

Na kai wa Inna nata. Ta jujjuya shi ta ce, "Wanga gwangwani ne zai hura wuta?" Na kunna mata, ta tsaya da mafici a hannu tana jiran a ce ta fifita. Bayan sati biyu ta aiko a ce in yi wa maƙwabciyarta ɗaya.