Cinikin Jirgin Sama A Birnin Wicita

Cikin watan Yuni na shekarar 2023 ne Allah ya nufe ni da zuwa wani birni da ke tsakiyar ƙasar Amurka, sunansa Wicita, a jihar Kansas. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, ba kuma da kuɗina na je ba. Kawuna ne, wan mahaifiyata, ya ɗauke ni tafinta, domin ya ƙudura a ransa zai sayi ƙaramin jirgin sama mai inji biyu, ya kuwa rantse ba zai miƙa ko anini ba sai ya shiga ciki ya zauna da kansa. Mu uku muka tafi: shi, da ni, da wani tsohon matuƙi wanda ya yi koyon tuƙi a makarantar Zariya, muna ce masa Kyaftin.

Kada mai karatu ya zaci fankama ce ta kawo zancen. Kawu fataucin riɗi da zoɓo yake yi tun ina yaro, yau yana Jigawa, gobe Lafiya, jibi bakin teku a Ikko, ga shekaru sun haura saba'in, ga ciwon baya. Tun da aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna cikin watan Maris na 1922 da ɗari, watau 2022, iyalinsa suka hana shi doguwar tafiya ta ƙasa, manyan jirage kuwa ba su haɗa garuruwan da yake zuwa sai an biyo ta Abuja ko Ikko. Sito biyu ya sayar ya haɗa kuɗin. In ciniki ya yi kyau ya huta, in kuwa ya sayi wahala, to gumin shekara arba'in ne zai kwanta a filin jirgi ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsa, kamar yadda muka sha gani a filayenmu.

Daga Ikko muka tashi, muka yi sa'a goma sha biyu da 'yan kai a sama kafin Atlanta, daga can muka sāke jirgi. Da muka doshi Wicita na leƙa ta taga, sai na ga ƙasa a shimfiɗe kamar faifai, babu tudu babu kwari, gonakin alkama sun nuna sun yi jawur, an yanka su murabba'i murabba'i har iyakar ganin ido. Garin yana bakin kogin Arkansas, mutanensa ba su cika 400,000 ba a ƙidayar 2020, watau unguwannin Kano biyu ko uku sun shanye shi. A da can zangon shanu ne: wajen 1872 makiyaya su kan koro garke daga Teksas su loda a jirgin ƙasa a nan. Kawu da ya ji haka ya yi dariya, ya ce ashe kara muka zo, ciniki ba zai gagara ba.

Yadda zangon shanu ya zama garin maƙeran jirgi kuwa, mutum uku ne tushensa. A 1925 Clyde Cessna da Walter Beech da Lloyd Stearman suka haɗu suka kafa kamfanin Travel Air, ba a daɗe ba kowa ya kama gabansa. Cessna ya kafa nasa a 1927, Beech da matarsa Olive Ann suka kafa nasu a 1932, da mijin ya rasu a 1950 ita ta riƙe kamfanin shekaru da yawa. A 2014 gidajen biyu suka koma hannun mai gida ɗaya, kamfanin Textron. Tsohon ginin filin jirgin garin, wanda aka buɗe a 1935, yanzu gidan tarihin jirage ne; mun yi rabin yini a ciki, Kyaftin yana shafa tsofaffin injuna kamar wanda ya ga 'yan'uwa.

Kashegari dillali ya zo ya ɗauke mu zuwa wani ƙaramin fili a bayan gari. Kwancen jirage muka zo gani, don sabo ya fi ƙarfinmu. Na farko da ya buɗe mana shi ne Beechcraft Baron 58, samfurin da aka fara ƙerawa wajen 1970. Lalle abin sha'awa ne, fari sol da jan layi, kujeru shida na fata, huɗun baya suna fuskantar juna, ga ƙofa mai ganye biyu a gefen dama. Kyaftin ya san shi ciki da bai, don makarantar Zariya ta daɗe tana koyarwa da irinsa. Ya kan ci kilomita 350 a sa'a, watau Kano zuwa Ikko cikin sa'a biyu da rabi, yana shan galan 30 na mai a kowace sa'a.

Amma gani ya kori ji. Faɗin cikinsa inci 42 ne, tsayinsa inci 50, saboda haka ba a miƙewa, a sunkuye ake shiga a sunkuye ake fita. Kawu mutum ne kakkaura, kuma bai yarda ya tuɓe babbar riga don jirgi ba. Da ya zauna na zauna gabansa, sai gwiwoyinmu suka sarƙe, hularsa tana gogar rufi. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, Hajiya da ciwon gwiwarta ta ina za ta bi ta shiga wannan akurki?" Na ce, "Kawu, bari dai mu ji shi a sama."

Muka tashi da azahar, rana ta take. Duk wanda zai gwada jirgi don jin daɗin fasinja, to da azahar ya kamata ya gwada, ba da sanyin safiya ba, gama da safe kowane jirgi lafiyayye ne. Ƙasa in ta yi zafi iska ta kan riƙa tasowa gudaji gudaji, jirgin da ba ya hawa can sama kuwa a cikinta zai yi ta ninƙaya. Baron ɗin da muka gani ba a matse iska a cikinsa, kuma dokar Amurka ta ce in an wuce ƙafa 12,500 fiye da rabin sa'a dole matuƙi ya sa abin shaƙar iska, saboda haka yawanci a ƙafa 8,000 zuwa 10,000 ake tafiya da shi. Nan muka yi ta tsalle kamar mota a kan hanyar burji. Ƙarar injuna kuwa ba ta bari a yi zance sai an sa abin kunne. Da muka sauka Kawu ya daɗe yana dafe da ƙugu bai ce uffan ba.

Da dare, a masauki, Kyaftin ya ɗauko takarda da alƙalami, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kujera shida ba ita ce mutum shida ba." Ga lissafinsa. Bisa takardun wannan jirgi, dukan abin da zai ɗauka, mai da mutane da kaya, kilo 750 ne. In an cika tankunansa, galan 166, kilo 450 sun tafi. Saura kilo 300: matuƙi, da Kawu, da mutum ɗaya, da jakunkuna, shi ke nan. In ana so a cika kujeru sai a rage mai, in an rage mai sai a rage nisa.

Sa'an nan ya zo kan abin da ya sa ake sayen inji biyu tun farko. Mutane suna zato in ɗaya ya mutu an yi asarar rabi ne. Rabin ƙarfi ne ya tafi, gaskiya, amma ƙarfin hawa sama wajen kashi 80 cikin 100 ne yake tafiya, domin jirgi da rarar ƙarfi yake hawa, ba da wanda yake riƙe shi a iska ba. Ga shi kuma injin da ya rage zai riƙa jan jirgin gefe guda, dole matuƙi ya taka ya daidaita, ya juya ganyen farfelar da ta mutu su daina tare iska, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. Zafi kuma yana ƙara ɓata lissafi, don iska mai zafi ba ta da kauri. Filin Kano ƙafa 1,500 da 'yan kai ne bisa teku, amma ran da zafi ya kai awo 40, jirgi ji yake kamar yana ƙafa 5,000. Filin Jos ya haura ƙafa 4,000, da rana tsaka cikin bazara sai ya zama kamar 7,000, wanda kusan shi ne iyakar inda Baron mai cikakken lodi zai iya riƙe kansa da inji ɗaya. Ni dai a ganina wannan takarda ta Kyaftin ta fi dukan abin da dillali ya faɗa mana a kwana huɗu amfani.

An nuna mana Cessna 421, wanda aka ƙera daga 1967 zuwa 1985. Cikinsa ya fi faɗi, ana matse iska, kuma shiru ne ƙwarai don farfelunsa a hankali suke juyawa. Kawu ya so shi. Sai dai shi da Baron cuta ɗaya ke damunsu a wajenmu: fetur na musamman suke sha, mai launin shuɗi, wanda a Kansas ko wane ƙaramin fili yana da famfonsa, a Nijeriya kuwa sai an yi odarsa a durom, da tsada, wani lokaci a neme shi a rasa. Ita kanta makarantar Zariya ta sayo jiragen Diamond masu shan kananzir ɗin jirgi. Kyaftin ya ce shi ba zai tuƙa jirgin da sai an bi shi da durom a mota ba. Magana ta mutu a nan.

Saura King Air C90. Zuriyarsa ta fara a 1964, shi wannan samfuri a 1971, yana da farfela kamar sauran, amma injunansa irin na jet ne, ƙirar Pratt & Whitney ta Kanada, suna shan kananzir ɗin da ake samu a manyan filayenmu. Ƙofarsa tana baya ta hagu, in an buɗe ta sai ta zama matakala, mutum ya taka ya shiga kamar mai hawa soro. A ciki ma ba a miƙewa sosai, tsayin inci 57 ne, amma akwai hanya a tsakiya, da ɗan tebur mai naɗewa, da makewayi a can baya. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Dattijo mai shan maganin hawan jini ya san abin da sa'a biyu da rabi ke nufi.

Shi ma da azahar muka gwada shi. Mun sha 'yar girgiza a wajen hawa, amma da muka kai ƙafa 18,000 sai ya lafa, gajimare yana ƙarƙashinmu, gonakin alkama sun zama kamar tabarma. Saboda matsin iska, jikinmu bai ji ya fi na wanda ke kan tsaunin Mambila ba. An zuba wa Kawu shayi a kofi, ya ajiye bisa tebur yana kallo ko zai zube, bai zube ba. Ya juyo ya ce mini, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Tambaye shi nawa."

Kuɗinsa ya kusa ninka na Baron sau uku, kuma ya kan sha galan 60 zuwa 70 a sa'a. Aka shiga ciniki irin na kara, Kawu ya taya, dillali ya ce albarka da irin nasa harshe, ni ina tsakiya ina juya magana. Amma jirgi ba a fenti ake sayensa ba, a littafi ake saye. Kowane jirgi da kowane inji yana da littafin da ake rubuta sa'o'in da ya yi da gyaran da aka yi masa, kuma irin wannan inji a kan buɗe a duba wajen wutarsa a sa'a 1,800, a kwance shi ɗungum a sa'a 3,600, aikin da ya kan ci dala dubu ɗari biyu ko fiye a kan inji guda. Kyaftin ya yi yini biyu yana bin littattafan shafi shafi. Ya tarar injin hagu saura masa sa'a 500, kuma akwai wata goma sha huɗu da babu rubutu ko ɗaya, lokacin jirgin yana hannun wani mai shi na da, a gaɓar teku a Fulorida. Jirgin da ya zauna a iskar gishiri ba a tashinsa, tsatsa ake tsoro, musamman a ƙashin fiffike. Dillali ya ce ba kome. Kyaftin ya ce mai yiwuwa ne ba kome, amma ba shi zai zauna a ciki bisa tekun Atlantika ba, gama hanyar kawo irin wannan jirgi gida ta Kanada take bi, da Girinlan, da Aislan, da Sikotlan, kana a gangaro ta Turai a ƙetare Sahara.

A nan na ga wata al'ada tasu da ta burge ni. Ba a ba mai jirgi kafin alƙalami a hannu. Akwai kamfanoni a birnin Oklahoma, inda ofishin rajistar jiragen Amurka yake, waɗanda aikinsu riƙon amana ne: su karɓi kuɗin su ajiye, su bincika ko akwai bashi a kan jirgin, ba su saki ba sai mai saye ya ce ya gamsu. Mai saye kuma shi ke zaɓen bakaniken da zai duba, ba mai sayarwa ba. Haka muka yi. Kawu ya sa sharaɗi uku a rubuce: a buɗe fiffike a duba, a zura madubi cikin injuna biyu, kuma a rage masa kuɗin gyaran injin hagu daga farashi. Mai jirgi ya yarda da biyu nan take, na ukun ya ce sai ya yi shawara.

Ran da za mu taso muka biya ta rumfar bakaniken. Mun tarar an kwance marufan injuna, an cire kujeru an jera su a ƙasa, wani saurayi yana kwance ƙarƙashin fiffiken dama da tocila. Aka ce aikin zai ɗauki kwana goma. Kyaftin ya ce zai tsaya ya ga ƙarshensa da idonsa, Kawu ya ƙara masa kuɗin masauki, ya kuma ce ya auno masa tsayin matakalar farko daga ƙasa, don Hajiya za ta tambaya. Mu biyu muka kama hanyar filin jirgi, ƙarfe takwas da rabi na yamma, rana ba ta faɗi ba tukuna.