Ranar da Inna ta ga teku

Da aka sayar da masarar bara, Baba ya cire kujerun bayan Hiace ɗinmu, ya shimfiɗa katifu, muka ɗora risho da buhun shinkafa. Inna ce ta matsa. Shekara 20 rabonta da yayanta da ke Zangon Kwatano, ga shi an ce jikinsa ya yi tsanani.

Daga Funtua zuwa bodar Seme, a mota muka riƙa kwana. Zafin Legas kuwa, wallahi gumi ba ya bushewa.

Mun sami Kawu da sauran ƙarfi, har ya ce lallai sai mun kai shi Wida. Inna ta tsaya nesa da ruwan, riƙe da hannunsa, ta ce, "Yaya, wannan ba shi da ƙarshe ne?"

Sati uku da dawowarmu aka bugo waya ya rasu.